Mai shan kwali guda a rana yana son barin sigari: ta ina zai fara, ta yaya zai ɗore?

Shugaban Zaure: Assalamu alaikum 'yan uwa. Wani ɗan zauren nan ya turo tambaya ta bayan fage, ya ce a sakaya sunansa. Shekararsa 38, direban motar haya ne mai dogon zango, yana shan kwali guda a rana, wato kara 20, kuma da ya buɗe ido da asuba yake kunna ta farko. Ya sha ajiye ta amma ba ya wuce kwana uku. Yana kuma shan maganin hawan jini. Yana neman a nuna masa yadda ake shiri da yadda ake riƙe alkawarin. Masana, bismillah.

Dakta: Wa alaikumus salam. Allah ya ba shi iko. Abu biyu a bayaninsa sun nuna nauyin lamarin: yawan karan, da kuma kunna ta farko kafin a yi minti 30 da farkawa. A ma'aunin Fagerström da likitoci ke gwada ƙarfin kamuwa da shi, waɗannan tambayoyi biyu su ne suka fi maki. Ke nan jikinsa ya kamu sosai, kuma faɗuwar da yake yi a kwana na uku tana da dalili.

Nikotin, sinadarin taba da ke ɗaure mutum, yana isa ƙwaƙwalwa cikin daƙiƙa 10 zuwa 20 da zuƙa. Bayan kamar awa biyu rabinsa ya bar jini, shi ya sa mashayi ke neman wata kafin nan. Idan aka daina, wahalar tana kai ƙololuwa a kwana na biyu zuwa na uku: saurin fushi, ciwon kai, rashin barci, yunwa, kasa tattara hankali. Daga nan sai ta riƙa sauka, yawanci cikin mako 2 zuwa 4 mafi yawanta ta wuce. To shi yana sarewa ne a daidai inda ta fi zafi, gab da ta fara sassautawa. Kuma a sani, cikin mutum 100 da suka bari da ƙarfin zuciya kawai, ba magani ba mai taimako, 3 zuwa 5 ne ke kai shekara. Idan aka haɗa magani da shawarar ma'aikacin lafiya, damar tana ninkawa har ta wuce biyu. Don haka kada kowa ya ce masa raggo ne. Shiri ne bai yi ba.

Farkon shirin: ya sa rana, kada ta wuce mako biyu daga yau. In ta yi nisa niyya tana sanyi. Kuma tunda direba ne, ya daidaita ta yadda kwana uku na farko za su same shi a gida, ba a kan sitiyari ba.

Hajiya Nas: Dakta ya faɗi gaskiya. Ni kuma bari in cike kwanakin da ke tsakanin yau da ranar, don nan ne mutane ke zaune kawai suna jira.

Ya sami 'yar takarda ya soka a ledar kwalin, da guntun biro. Duk karan da zai kunna ya fara rubuta ƙarfe nawa, a ina yake, da wa yake tare, sannan ya ba sha'awar maki daga 1 zuwa 5. Kwana huɗu zuwa mako ya isa. In ya duba zai ga karan nan 20 ba iri ɗaya ba ne. Akwai waɗanda jiki ne ya kira su, kamar ta asuba da wadda ke biyo bayan doguwar tafiya ba tsayawa. Akwai na sabo zalla: bayan cin abinci, a teburin mai shayi, in ya shiga bayan gida, in ya tada inji yana jira mota ta yi zafi. Akwai kuma na ɓacin rai, in an yi cacar baki da fasinja ko hanya ta cushe. Magani yana kashe kashi na farko ne kawai. Sauran biyun sai an tanadar wa kowanne abin da zai maye gurbinsa, a rubuce, tun kafin ranar. Misali, da ya tsame hannu daga kwano ya miƙe ya wanke baki ya yi asuwaki, kada ya zauna a wurin ko na minti ɗaya. Da asuba ya wuce kai tsaye ga buta ya yi alwala. In yana jiran lodi, ya fita daga motar da gorar ruwa a hannu.

Daren da zai wayi gari bai sha ba, ya tattara duk abin da ya rage ya jiƙa da ruwa ya zubar. Kada ya ba aboki, don gobe wurin abokin zai je ya karɓo. Ya laluba aljihun kaftani, aljihun mota, bayan madubin kare rana, ƙarƙashin kujera. Laita da ashana su ma su tafi. A wanke rigar kujerun mota da hula da bargo, don warin da ya kama su yana tada sha'awa.

Sakataren Tasha: Dakta, ranka ya daɗe, ina da ja. Mutumin da ke shan 20 a ce ya yanke rana ɗaya? A tasha abin da aka fi yi shi ne ragewa, wannan makon 15, na gaba 10, a haka har a sauka. Kamar ya fi sauƙi ga mai aiki.

Dakta: Tambaya ce mai kyau Sakatare, kuma an gwada ta. A wani bincike da aka buga a 2016, masu bincike na Jami'ar Oxford a Ingila sun raba mashaya 697 gida biyu, duka an ba su maganin nikotin mai maye gurbin sigari. Rukuni ɗaya suka yanke a rana guda, ɗayan suka yi mako biyu suna ragewa kafin ranar. Bayan mako 4, kashi 49 cikin 100 na masu yankewa ba su koma ba, masu ragewa kashi 39. Bayan wata 6, kashi 22 da kashi 15 da rabi. Da aka tattara sauran bincike daga baya, bambancin bai fito ƙarara haka ba, don haka ban haramta ragewa ba. Sharaɗina ɗaya: ragewar ta kasance tana da ranar ƙarshe da aka rubuta.

Inda ragewa ke ɓaci shi ne in ba ta da ƙarshe. Mai ragewa yana zuƙa da zurfi, yana riƙe hayaƙin, yana shanye karan har audugar, sai ya kusa samun nikotin ɗin da ya saba daga kara kaɗan. Kuma kowane kara sai ya ƙara daraja a idonsa tunda jiransa yake. Ga abin da ya fi damuna ga mai hawan jini: wani babban nazari da mujallar likitoci ta BMJ ta buga a 2018 ya nuna mai shan kara ɗaya tak a rana yana ɗauke da kusan rabin ƙarin haɗarin ciwon zuciya da shanyewar ɓarin jiki na mai shan 20. Ba a samun tsira a kara biyu ko uku.

Sakataren Tasha: Na gamsu. To bari in ƙara abin da ban ga an taɓa ba. A tasha ba kwali ne matsalar ba, kara ɗai-ɗai ne. Dokar hana taba ta Najeriya ta 2015 ta hana sayar da sigari kara-kara, sai kwali mai 20, amma kowa ya san mai tebur yana ɓare kwali ya sayar, har bashi yana bayarwa. Mutum ya zubar da tasa a gida, ya iso tasha, mai tebur ya hango shi ya zaro irin tasa ya miƙo tun bai tambaya ba. Don haka mutum uku dole ya gaya musu da bakinsa: mai teburin da ya saba da shi, yaron motarsa da yake aika, da abokan da ake karɓa-karɓa da su a majalisa. Ya biya bashin mai tebur ya rufe littafin. Yaron mota kuma a ce masa ko maigida ya aike ka, kada ka je, kuma ba za a yi fushi da kai ba.

Mai Kemis: Madalla. Ni zan yi maganar magani da awonsa, don yawancin masu cewa "na gwada bai yi aiki ba" awon ne suka ɓata.

Filastar nikotin, wadda ake mannawa a fata, tana zuwa a 21, 14 da 7 miligiram. Mai shan fiye da kara 10 a rana zai fara da 21 na mako 6, sannan 14 na mako 2, sannan 7 na mako 2. Mai shan 10 zuwa ƙasa ya fara da 14. Ana manna sabuwa kowace safiya a busasshiyar fata mara gashi, dantse ko ƙirji ko baya, a danne da tafin hannu kamar daƙiƙa 10. Kullum a canza wuri, kada a koma wuri ɗaya sai bayan mako, in ba haka ba fata za ta yi ja ta yi ƙaiƙayi. Kada a shafa mai a wurin, ba za ta kama ba, balle a zafin bazara da gumi. Kada a yanka ta biyu don ta daɗe. Kada a bar kwalinta a gaban mota rana tana dukansa. Wadda aka cire a naɗe ta a jefar inda yara da awaki ba za su kai ba, don akwai sauran nikotin a jikinta. In tana hana barci ko tana sa mafarkai masu yawa, a cire ta kafin a kwanta.

Sai cingam ɗin nikotin, mai 2 da mai 4 miligiram. Wanda ke kunna ta farko cikin minti 30 da tashi, mai 4 ne nasa. Nan ake yawan kuskure: ba a taunarsa kamar cingam ɗin yara. A tauna a hankali har a ji ɗan yaji a baki, sai a ajiye shi tsakanin kunci da dasashi. In yajin ya tafi a sake taunawa kaɗan a mayar, haka har minti 30. Ta fatar baki maganin ke shiga. Wanda ya tauna da sauri yana haɗiye yawu, nikotin ɗin zai tafi cikinsa, ya sa shi shaƙuwa da ƙwannafi da tashin zuciya, kuma sha'awar tana nan. Kada a sha lemo, zoɓo, kunun tsamiya ko kofi minti 15 kafin a tauna, tsami yana hana shi shiga.

Ga mai kwali guda, haɗa biyun ya fi: filasta ta riƙe jiki yini guda, cingam na lokacin da sha'awa ta taso. Kuma a kai mako 8 zuwa 12. Masu tsayawa a mako na biyu don sun ji garau su ne ke komawa a na huɗu. Ba kowane kemis ke da su ba, sai manyan shagunan magani na birane. A duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa.

Malamin Islamiyya: Mai Kemis, Allah ya saka. Amma mutane za su ce ai nikotin ɗin shi ne gubar, ya za a bar shi ta baki a shigar da shi ta fata? Kuma mutumin yana da hawan jini.

Mai Kemis: Allah gafarta Malam, nikotin shi ne ke ɗaure mutum, amma ƙonawar ce ke yin kisan. Hayaƙin sigari yana da sinadarai fiye da 7,000, kusan 70 daga ciki an tabbatar suna kawo ciwon daji. Akwai kwaltar da ke manne wa huhu, akwai iskar kabon monoksaid da ke ƙwace wa jini wurin iskar shaƙa. Filasta ba ta da ko ɗaya daga cikin waɗannan, kuma a hankali take sakin nikotin, ba ta ba da wannan bugun na daƙiƙa 10 da ke sa kamuwa. Ga mai hawan jini ta fi sigari aminci nesa ba kusa ba. Wanda zai dakata sai likita ya gan shi: wanda ya sami bugun zuciya ko shanyewar ɓarin jiki a makonnin nan, mai bugun zuciya da ba ya tafiya daidai, da mai juna biyu ko mai shayarwa.

Dakta: Haka ne. Akwai kuma ƙwayoyi marasa nikotin, waɗanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa a jagorar da ta fitar a 2024, amma kada a sha ko ɗaya sai da izinin likita. Varenicline ana fara shi mako guda kafin ranar: 0.5 miligiram sau ɗaya a rana na kwana 3, sau biyu a rana daga kwana na 4 zuwa na 7, sannan miligiram 1 sau biyu a rana har mako 12. Yana tare gurbin da nikotin ke sauka a ƙwaƙwalwa, sai sigarin ya daina daɗi. Tashin zuciya ne babban aibinsa, a sha bayan cin abinci da cikakken kofin ruwa. Mai ciwon ƙoda ana rage masa. Yana iya sa jiri ko gyangyaɗi, don haka direba ya fara ganin yadda jikinsa ya karɓe shi kafin ya hau hanya. Bupropion ba na mai farfaɗiya ba ne sam, kuma yana iya ɗaga jini, don haka ga wannan bawan Allah ba shi ne zaɓin farko ba. Cytisine kuwa daga tsiro ake samunsa, an daɗe ana amfani da shi a gabashin Turai tun shekarun 1960, kwana 25 ake sha, kuma a daina sigari zuwa kwana na 5.

Hajiya Nas: Ina so in ja hankali kan goro, don duk mai barin sigari a wajenmu shi ake fara miƙa masa. A yi hattara. Hayaƙin taba yana sa hanta ta riƙa narkar da kafeyin, sinadarin da ke hana barci a goro da shayi da kofi, da sauri. In aka daina sha, hanta ta koma daidai, sai goron da ya saba ci ya riƙa yi masa kusan ninki biyu na aiki. Zuciya tana dukan uku-uku, hannu yana rawa, ido ya ƙeƙashe da dare, shi kuma ya ɗauka rashin sigari ne ya koma. Ya rage goro da shayi mai kauri da Nescafé zuwa rabi tun ranar farko, kuma bayan la'asar kada ya taɓa su. Filasta ba ta hana wannan, tunda hayaƙin ne ke zaburar da hanta, ba nikotin ba. Dalilin nan ne kuma ya sa mai shan theophylline na asma, ko clozapine da olanzapine na taɓin hankali, ko warfarin, ko mai allurar insulin, dole ya gaya wa likitansa ranar da zai daina, don ana iya sauya masa awo.

Don baki ya sami abin yi: asuwaki, karas, gurji, aya, ruwan sanyi a riƙa kurɓa. Alewa da biskit da lemon kwalba a rage, don a shekarar farko masu bari suna ƙara kilo 4 zuwa 5 a matsakaici. Maƙarƙashiya da ɗan gyambon baki suna iya zuwa a makonnin farko, ruwa da ganye irin su zogale da alayyahu suna taimakawa, kuma suna wucewa.

Malamin Islamiyya: To bari in sa baki a kan alkawarin kansa. Da yawa in abin ya ishe su sai su dafa Alƙur'ani su rantse ba za su ƙara ba. Ina ba da shawara kada a yi. Wanda ya rantse da Allah ya karya, kaffara ta hau kansa kamar yadda ya zo a Suratul Ma'ida aya ta 89: ciyar da miskinai goma ko tufatar da su, wanda bai samu ba ya yi azumin kwana uku. Ban da wannan, mai karya rantsuwa yana jin ya riga ya lalace, kunya ta hana shi gaya wa kowa, sai ya koma sha a ɓoye fiye da da. Ya ƙulla niyya, ya yawaita addu'a, ya sanar da iyalinsa, ya kuma riƙa sabunta niyyar kowace asuba a kan yinin da yake ciki.

Watan azumi dama ce babba, tunda mutum yana yin awa 13 zuwa 14 bai sha ba. Amma tarkon yana wurin buɗa-baki. Mai sha yana cin dabino ya kurɓi ruwa sai ya zagaya bayan gida ya jera biyu ko uku a kan cikin da ba komai, har jiri ya ɗebe shi. Mai son bari ya tsara wannan rabin awar: dabino, ruwa, masallaci don Magariba, abinci cikin iyali, asuwaki, sai Isha'i da asham. Cingam yana karya azumi, sai da dare. Filasta kuwa, malamai da yawa na wannan zamani suna ganin abin da fata ke tsotsa ba ya karya azumi, amma kowa ya tambayi malamin da yake bi. Kuma ya shirya wa ranar Sallah, don nan ne ake haɗuwa da tsofaffin abokai da rana tsaka ba azumi a baki.

Sakataren Tasha: Samari kuma cewa suke su koma shisha, dattawa su koma taba gari. Wai sun fi sauƙi.

Dakta: Ba bari ba ne, canjin kwano ne. Ruwan tukunyar shisha sanyaya hayaƙi yake yi, ba ya tace gubar, kuma sanyin ne ke sa a zuƙa da zurfi. Zaman awa guda mutum yana iya shaƙar hayaƙin da ya ninka na kara ɗaya sau 100 ko fiye, ga gawayin da ke ƙara kabon monoksaid. Taba gari, ta shaƙa ko ta matsawa a leɓe da kanwa, nikotin ɗinta yana nan cike, kuma tana jawo ciwon dajin baki da lalacewar dasashi. Sigarin lantarki kuwa masana sun rabu: a Ingila ana amfani da shi wajen taimaka wa manya su bar sigari, Hukumar Lafiya ta Duniya ba ta sa shi a magungunan da ta amince da su ba. Wanda ke zuƙar sa kuma yana kunna sigari bai rage wa zuciyarsa komai ba.

Hajiya Nas: Mu koma kan minti biyar ɗin da ake faɗuwa a cikinsu. Sha'awa ba ta zama yini guda, tasowa take ta kai ƙarshe ta sauka, yawanci cikin minti 3 zuwa 5, ko an sha ko ba a sha ba. Aikinsa ya tsallake waɗannan mintuna. Ya duba agogo ya ce sai bayan minti 10. Ya bar wurin da yake. Ya ja numfashi ta hanci a hankali, ya riƙe kaɗan, ya fitar ta baki a tsawace, sau goma. Ya kurɓi ruwa, ko ya jefa cingam ɗin, ko ya kira wanda ya zaɓa ya riƙa bibiyarsa. Mai kwali guda yana kai hannu baki kusan sau 200 a rana, shekara da shekaru, don haka hannun ma yana neman aiki: carbi ya isa.

Ƙa'idar ita ce ko zuƙa ɗaya babu. Yawancin masu komawa da "ɗan ba ni in ja sau ɗaya" suka fara, don ƙwaƙwalwa ba ta manta hanyar ba. Amma in ya zame ya sha, kada ya cire filastar, kada ya daina ƙwayar, kada ya ce sai wani watan. Ya zubar da ragowar nan take, ya rubuta a ina ne, da wa, me ya faru kafin nan, ya toshe wannan ƙofar, ya ci gaba daga wannan sa'ar. Uwargida kuma a roƙe ta kada ta yi gori ko ta riƙa shinshinar rigarsa. In ya yi faɗa a makon farko ta san daga ina ne, ta kawar da kai.

Dakta: Ƙari a kan tari. Wasu tarinsu yana ƙaruwa bayan sun daina, har su tsorata. 'Yan gashin da ke share hanyar iska ne suka farfaɗo suna fitar da dattin da ya taru, kuma yana lafawa cikin makonni. Amma tarin da ya kai mako biyu tare da zazzaɓi, gumin dare, rama, ko jini a kaki, wannan ba na barin sigari ba ne. A je a gwada kaki don tarin fuka, gwajin da maganin kyauta ne a cibiyoyin gwamnati. Ciwon ƙirji mai danna mutum, ko baƙin cikin da ya kai ga tunanin cutar da kai, a tafi asibiti a ranar.

Shugaban Zaure: Mai tambaya ya sake turo saƙo. Ya ce ya gode ƙwarai, amma a garinsu babu filasta ko cingam ɗin, kuma yana tsoron kuɗin. Ya kuma ce babbar fargabarsa barci a kan hanya, don sigari ke tashinsa da dare.

Mai Kemis: Ya fara yin lissafi: kwali 365 yake saya a shekara, kara 7,300. Ya ninka da kuɗin kwali a garinsu, ya kwatanta da maganin mako 10. Tunda yana shiga manyan birane da mota, ya saya a can kafin ranar, aƙalla na mako biyu, kada ya fara ya yanke a tsakiya. In kuɗin na abu ɗaya ne kawai, ya ɗauki filasta, ita ce ba ta da wuyar amfani. In babu hali sam, duk sauran shirin yana nan daram, kuma kuɗin kwalin kullum ya riƙa miƙa wa uwargida ko ya zuba a adashi, kada ya kwana a aljihunsa. Maganin gargajiya da ake tallatawa a mota da lasifika wai yana cire sha'awar taba cikin kwana uku, kada ya saya, ba a san abin da ke ciki ba, ga shi yana shan maganin hawan jini.

Sakataren Tasha: Batun barci kuma, nan ne nake jin tsoro, don nan ake miƙa wa direba tiramadol ko kwalaben ƙara kuzari a ce su za su riƙe shi. Kada ya karɓa, wannan ramin ya fi na sigari zurfi. A wata na farko ya nemi a ba shi lodin safe, ya bar tafiyar dare. In dole ce, ya tafi da direba na biyu.

Dakta: Na goyi bayan Sakatare. Sigari ba ya biyan bashin barci, ɓoye shi yake yi na 'yan mintuna. Ya kwanta awa 7 kafin tafiya, ya tsaya duk bayan awa biyu ya sauko ya taka, in ido ya fara nauyi ya faka a wuri mai aminci ya runtsa na minti 20. Ɓarin goro ɗaya da safe ba laifi, in dai ya rage kamar yadda Hajiya ta ce. Sannan ya je asibitin da yake karɓar maganin hawan jini kafin ranar, ya gaya musu ranar da ya sa, a auna jininsa. Ya koma a ƙarshen mako na farko, da na huɗu, da wata na uku, da takardar nan tasa a hannu don a ga inda sha'awar ta fi matsa masa a gyara awon maganin.